Kafin ka biya dala a kan manhajar gyaran kwamfuta: yadda zaka gane farashin gaskiya da kamfanin da zai amsa maka

'Yan uwa masu gyaran kwamfuta, na Beirut Road da Farm Centre a Kano, da na Kaduna da Banex a Abuja, har da namu dake zaune a Ikeja, maganar kuɗin manhaja ta fara cin mutane sosai tunda dala ta tashi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa 2024 ta haura 1,500, kenan manhajar dala 100 da ada zaka biya ƙasa da dubu 50 a wannan canjin sai ka ajiye dubu 150, kamfanin bai ƙara ko sisi ba amma kai kuɗin ya ninka maka sau uku. Shi yasa zakaga mutanenmu sun rabu gida biyu, wasu sun rantse ba zasu taɓa siyan manhaja ba sai kirak, wato wadda aka fasa kullenta ake amfani da ita ba biya, wasu kuma da sunga oga a YouTube yana amfani da wani abu sai su cire kuɗi su siya, bayan wata biyu abun yana zaune a laftof ba a buɗe shi ko sau uku ba. Duka biyun asara ce. Ni a wajena farashin adalci shine wanda aikin shagonka zai iya biya da kansa, lasisinsa ya yarda kayi wa kwastoma aiki dashi, kuma ranar da abu ya cije akwai ɗan adam da zai amsa saƙonka. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, toh ko nawa aka ce maka kuɗin yayi yawa. Ga yadda zaka bi abun daki-daki.

Mataki na farko, rubuta aikin da yake shigo maka

Kar ka fara da tambayar wace manhaja ce tafi kyau. Samu littafi ko ka buɗe rubutu a waya, wata ɗaya cur duk aikin da ya shigo ka rubuta irinsa da abinda aka biya: fomatin da sa Windows, canjin sikirin ko kibod, laftof da bata kawo wuta, bairos, mantuwar fasuwod, dawo da fayil da ya goge, kwafe kaya daga tsohon faifai zuwa SSD. Ƙarshen wata ka ƙirga. Yawancin shaguna zasu tarar aikinsu fomatin ne da canjin kaya, kuma waɗannan basa buƙatar ka biya kowa komai. Manhajar kuɗi tana shigowa ne a wurare kaɗan, dawo da bayanan da suka ɓace, taswirar bod ga masu aikin ƙarfe da wuta, kwafin faifai gaba ɗaya, sai kuma shiga kwamfutar kwastoma daga nesa in kana kula da ofis ko makaranta. In littafinka bai nuna kana samun irin wannan aikin ba, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Na biyu, cika filashinka da na kyauta na halak

Akwai kyauta wadda mai ita ya bayar da zuciya ɗaya har ka nemi kuɗi da ita, kuma wallahi ta isa rabin aikinmu ko fiye. Ka sa Ventoy a filashi mai 64GB ko sama, shi amfaninsa ba sai ka dinga goge filashin duk sanda zaka canja Windows ba, kawai ka zuba fayilolin ISO, wato fayilolin da ake sa Windows dasu, a ciki ka zaɓa lokacin butin. Rufus ma yana nan in kafi sabawa dashi. MemTest86+ na gwada ram, tun fitowa ta 6 a 2022 yana tashi a kan UEFI, tsarin butin na sababbin kwamfutoci. CrystalDiskInfo na duba lafiyar faifai, kuma ka maida shi al'ada, duk laftof da ta shigo ka fara buɗe shi kafin ka taɓa komai, in ya nuna rawaya ka nuna wa mai ita da idonsa tun kafin ya tafi, wannan kaɗai zai raba ka da rigimar "ai lafiya lau na kawo maka ita". Clonezilla na kwafin faifai, ddrescue na ɗebo abinda ya saura daga faifan da ya fara mutuwa, TestDisk da PhotoRec na dawo da fatishin da fayiloli, Autoruns da Process Explorer na Sysinternals da Microsoft ke bayarwa kyauta na farautar abinda yake cinye kwamfuta a ɓoye. Masu aikin bod kuma OpenBoardView kyauta ne, sannan ƙaramar na'urar CH341A ta rubuta BIOS, wato manhajar dake cikin bod mai tada kwamfuta, tana aiki da manhajojin kyauta irin NeoProgrammer. Shiga daga nesa, Quick Assist yana cikin Windows, RustDesk ma kyauta ne.

Dalilin da yasa nace ka fara da waɗannan ba wai tsimi kawai bane. Sai ka san iyakar na kyauta sannan zaka san me kake siya in ka biya. PhotoRec misali zai dawo maka da hotuna da takardu amma ba sunayensu na asali ba tsarin folda, sai ka miƙa wa kwastoma fayil dubu ashirin masu suna kamar lambar mota ya zauna yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ka ga fuskar malamin jami'a da ka miƙa wa irin wannan, ranar zaka gane abinda manhajar kuɗi take sayar maka, wato sunaye da folda yadda suke.

Na uku, karanta lasisi, kuma nan ne ake yawan faɗawa rami

Kalmar kyauta a shafin kamfani sau da yawa tana nufin kyauta ga mai amfani a gidansa, ba ga mai shago ba. TeamViewer da AnyDesk na shiga kwamfuta daga nesa haka suke, in suka lura kana shiga kwamfutoci da yawa sai su fara yanke maka haɗin kana tsakiyar aiki. HWiNFO mai nuna bayanan kayan cikin kwamfuta tun 2021 ya koma haka, mai neman kuɗi dashi sai ya sayi lasisi. Malwarebytes, maganin bairos, na kyautansa na gida ne, masu shago akwai tsarinsu daban mai suna Techbench. Har wanda ka biya ma sai ka duba, domin R-Studio, manhajar dawo da bayanai, na talakawa an yi shi ne ka dawo da kayanka kai kanka, wanda zai yi wa mutane aiki a biya shi lasisin Technician ake nufi dashi, shi kuma kuɗinsa dala 899. DMDE, shima na dawo da bayanai, haka yake, mai yi wa wasu aiki sai bugun Professional.

Toh kafin ka cire kati ka nemo amsar waɗannan a rubuce, ba a bakin wanda yake tallata maka ba. Lasisin na mutum ɗaya ne, ko na kwamfuta ɗaya, ko na shago gaba ɗaya? In kana da yara biyu a shago suna iya amfani dashi ko kowa sai nasa? Zaka iya ɗora shi a filashi ka tafi dashi ofishin kwastoma, ko a ɗaure yake da laftof ɗinka? In a ɗaure yake, ranar da bod ɗin laftof ɗin ya ƙone ko aka sace ta, yaya ake mayar da lasisin kan sabuwa, sau nawa aka yarda, kuma kai zaka yi da kanka ko sai ka roƙe su? Yana aiki ba intanet ko kullum sai ya gaisa da sabarsu kafin ya buɗe? Wannan ta ƙarshen dan Allah kar ka raina ta, wanda ya rubuta manhajar yana zaune inda netwok baya ɗaukewa, kai kuma zaka iya samun kanka a wani ofishin ƙaramar hukuma sabis sanda ɗaya, kwastoma a tsaye a kanka, abinda ka biya da guminka yana ce maka ba zai buɗe ba.

Na huɗu, gane irin biyan da ake nema

Iri uku ne galibi. Akwai siye na dindindin, ka biya sau ɗaya abun naka ne. Akwai biyan wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya ya rufe. Akwai na tsakiya, ka siya naka ne har abada amma sabuntawa da taimako na shekara ɗaya ne, in kana so su cigaba ka ƙara wani abu. Bambancinsu kamar na mai shagon kansa ne da ɗan haya, ɗan haya ya shiga da kuɗi kaɗan amma duk shekara yana jiran abinda mai gida zai ce.

Ban ce biyan shekara zalunci bane. Abinda kullum sai an ƙara masa sabon kaya, kamar maganin bairos ko rumbun taswirar bod irin XZZ da ake zuba sababbin samfura, dole akwai masu aiki a bayansa kullum kuma dole su ci abinci, biyan shekara a nan daidai ne. Inda nake ganin rashin adalci shine manhajar da aikinta bai canja ba tun shekaru, ba sabar da take ci, amma an maida ta haya don kawai an ga ka saba da ita. Mu da kuɗinmu naira ne haya a dala tana da haɗari biyu, kamfani zai iya ƙara farashi, canji ma zai iya ƙara maka. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi ku kun ɗan huta ta nan in farashin a yuro yake, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, sai dai in a dala aka rubuta.

Kuma ka sani ko na kyauta yana iya tafiya. LogMeIn ya rufe tsarinsa na kyauta a Janairun 2014 da sanarwar kwana bakwai kacal, Macrium Reflect Free da masu gyara da yawa suka dogara dashi wajen kwafin faifai an daina kula dashi daga farkon 2024. Don haka duk manhajar da zaka ɗora aikinka a kanta ka tambayi kanka, in gobe babu ita, fayilolin dana ajiye da ita da me zan buɗe su? In kwafin faifan kwastoma yana cikin wani tsari da ita kaɗai ke karantawa, ka ajiye filashin cetonta a gefe da fayil ɗin instolin ɗinta.

Na biyar, lissafi

Nan zan daɗe domin nan ne ake gane komai. Ɗauki farashin ka maida shi naira da canjin da katinka zai cire ba wanda kaji a labarai ba, ka ƙara VAT na kashi 7.5 in sun sa, ka ƙara ladan kati. Sannan koma littafinka.

Bari mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne na kwatance kai ka sa naka. Ace aikin dawo da bayanai huɗu kake samu a wata, kowanne dubu 15, dubu 60 kenan. Ni ƙa'idata kar manhaja ta ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin da take yi, saboda akwai haya, akwai man janareta, akwai faifan da zaka zuba kayan a ciki, akwai lokacinka. Kenan dubu 12 a wata. A canjin 1,500, DMDE Professional da yake wajen dala 100 zai kama kusan dubu 150, cikin shekara ɗaya da 'yan kwanaki ya biya kansa, bayan nan riba ce. R-Studio Technician na dala 899 kuma ya haura naira miliyan 1 da dubu 300, da dubu 12 a wata sai kayi fiye da shekara tara kana biya. Shin wannan yana nufin sun yi tsada? A'a, ga wanda yake aikin nan kullum yana karɓar na kamfanoni farashin daidai ne, kai ne aikinka bai kai nan ba tukuna. Su ma sun san da irinmu shi yasa suka fito da T80+, dala 80 na kwana 80, wato dala ɗaya a rana, wanda zai yi maka amfani in wani babban aiki ya faɗo, ka sa kuɗin a cikin cinikin aikin ka gama ka barshi ya ƙare. Irin wannan tsani, ƙarami da matsakaici da babba, yana daga cikin alamun kamfanin da yake tunanin ƙananan masu sana'a.

Wani abu da lissafin kuɗi kaɗai baya nunawa shine lokaci. In manhaja tana rage maka awa ɗaya a kowace kwamfuta wajen kwashe kayan kwastoma kafin fomatin, kuma kana yin talatin a wata, awa talatin kenan, kusan kwana huɗu na aiki. Ka sa wa awarka kuɗi ka haɗa.

Sai kuma abinda ba manhajar da zata yi maka komai tsadarta, gara ka sani kafin talla ta ruɗe ka. Fayil ɗin da aka goge a SSD, galibi TRIM, tsarin da SSD yake share gurbin abinda aka goge dashi, ya riga ya share shi cikin ɗan lokaci, ba zai dawo ba. Faifan da BitLocker, makullin faifai na Windows, ya kulle, kuma sababbin laftof masu Windows 11 da yawa suna kulle kansu ba tare da mai su ya sani ba, in babu mabuɗin nan mai lamba 48 wanda galibi yake cikin asusun Microsoft na mai ita, toh babu hanya. Faifan da yake ƙara ƙwas ƙwas matsalarsa ta ƙarfe ce, aikin masu na'urar ceto bayanai ta PC-3000 ne da ɗaki mai tsafta, duk kunnawar da kayi ƙara kashe shi kake. Duk wanda yace maka manhajarsa tana dawo da komai ɗari bisa ɗari, rufe shafin kawai.

Na shida, gwada manhajar, sannan ka gwada mutanen

Kamfanin kirki yana barinka ka gani kafin ka biya. R-Studio na gwaji zai bincike faifai ya nuna maka abinda ya gano, ya dawo da ƙananan fayiloli kawai. DMDE na kyauta yana dawo da har fayil 4,000 daga folda ɗaya a kowane zagaye. Ka ɗauko tsohon faifai naka, ka zuba hotuna da bidiyo da takardun Word, kayi masa fomatin na gaggawa, ka gwada manhaja biyu ko uku a kai kaga wacce ta dawo da sunaye da folda, kuma ka buɗe fayilolin ka tabbatar suna buɗewa, domin ganin suna a jeri ba shine dawowa ba. Kar kayi gwaji da faifan kwastoma, nasa sai ka fara ɗaukar kwafinsa da ddrescue kayi aiki a kan kwafin, kuma kar ka taɓa sauke abinda ka dawo dashi a kan faifan da ya fito.

Gwajin mutanen kuma ga yadda ake yi. Kafin ka biya tura musu imel da tambaya ta gaske, cikin Turanci mai sauƙi, misali kace kana da shagon gyara a Najeriya da ma'aikata biyu, wane lasisi ne ya dace da kai, kuma in laftof ɗinka ta mutu yaya zaka mayar dashi. Sai ka lura da abu uku, kwana nawa suka ɗauka, sun amsa abinda ka tambaya ko sun liƙo maka rubutun da suke tura wa kowa, kuma sun tura ka ga mafi tsada ne ko ga wanda ya dace da kai. Wanda bai kula ka ba lokacin da kuɗinka yake aljihunka, me kake tsammani bayan ya shiga nasa? Ka ajiye wannan imel ɗin, hujja ce a hannunka. Bayan haka duba shafin da suke jera gyare-gyaren kowace fitowa, in na ƙarshe ya shekara biyu ka yi hattara, musamman yanzu da Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025 kuma aiki yana ta komawa Windows 11. Duba sharaɗin maida kuɗi shima, kwana nawa ne kuma da wane dalili.

Da yawa daga manhajojin da suka fi mana amfani mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan suke rubuta su. Irin waɗannan zaka iya samun amsa daga bakin mai abun da kansa, har ya gyara matsalarka a fitowa ta gaba, abinda babban kamfani ba zai yi maka ba. Amma shima yana barci yana rashin lafiya, kuma agogonsu ba namu bane, in ka tura saƙo ranar Asabar da dare kar ka fara zagi ranar Lahadi da safe.

Na bakwai, nemi ragi, ba abin kunya bane

Mu da muka tashi a kasuwa mun san ba a siyan abu ba tayi, amma da an zo intanet sai mu yi shiru. Ka rubuta musu da ladabi, ka faɗi ƙasarka, ka faɗi nawa ake biyan aiki ɗaya a wajenku in an maida shi dala, kace kana so ka sayi na halak ne ba kirak ba, ko akwai ragi na ƙasashe irin namu ko na ƙaramin shago. Wani zai ce babu, wani zai baka. In ba gaggawa kake ba jira ƙarshen Nuwamba lokacin Black Friday, kamfanonin manhaja da yawa suna sauke farashi. In kuna da ƙungiya a kasuwa ku tambaya da sunan mutum goma a tare, maganar goma tafi ta ɗaya nauyi.

Na takwas, wajen biya

Siya daga shafin kamfanin kai tsaye ko wakilin da sunansa yake a shafinsu. In ka ga sunan Paddle ko FastSpring ko 2Checkout a rasit kar ka tsorata, dillalan karɓar kuɗi ne da ƙananan kamfanoni suke amfani dasu. Matsalar kati kuwa kowa ya sha ta, a 2022 bankuna da yawa sun rage abinda katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata wasu suka rufe gaba ɗaya, a 2025 wasu sun sake buɗewa, don haka tambayi bankinka iyakarka kafin ka fara. In wani ne zai biya maka da katinsa, ka tabbata imel ɗinka da sunan shagonka aka sa a lasisin ba nasa ba, in ba haka ba ranar da zaka nemi taimako za a ce ba a san ka ba.

Masu sayar da mabuɗi a WhatsApp da Telegram a kan dubu uku dubu biyar, abinda kamfani yake sayarwa dala 100, ka tsaya kayi tunani daga ina suka samo. Galibi mabuɗi ɗaya ne aka sayar wa mutum hamsin, ko na wata ma'aikata da aka fitar ta bayan gida, yayi aiki wata biyu a toshe shi, mai sayarwar ya canja lamba. Araha bata ado.

Kana gama biya ka shiga asusunka ka duba ko an kunna sabuntawa ta kai tsaye, in baka so ka kashe tun ranar, ka sa tunatarwa a waya sati biyu kafin wa'adin ya cika.

Maganar kirak

Na san wasu tun sama suke cewa malam duk wannan dogon zance, ai akwai kirak. Ba wa'azi zan yi ba duk da hakkin mai abu hakki ne ko a ina yake zaune. Ta fuskar sana'a kawai ka duba. Kirak sai ka kashe maganin bairos kafin ya shiga, ka bashi izinin shugaba a kan kwamfutar da kake jona faifan mutane, faifan da yake ɗauke da hotunan iyalinsu da takardun ofis da fasuwod na banki. A ƙarshen 2021 masu binciken tsaro na Red Canary sun nuna yadda ake cusa ɓarawon bayanai mai suna CryptBot a cikin KMSPico na bogi, kirak ɗin da ake kunna Windows dashi, yana kwashe fasuwod daga burauza da jakar kirifto. Kayan mutane amana ne a hannunka, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Sannan kirak ba shi da wanda zaka kai wa ƙara, in ya lalata aiki a tsakiya kai kaɗai ne da kwastoma.

Abin takaici ma sau da yawa ba a buƙatarsa. Laftof ɗin tokumbo da muke gani kullum, HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, tun zamanin Windows 8 mabuɗinsu yana cikin BIOS, in ka sa bugun da ya dace, Pro ga mai Pro, Home ga mai Home, ka jona intanet, galibi da kanta zata kunnu. Yaro a shago baya dubawa, yana gama instolin sai ya danna kirak irin KMSPico saboda haka ya ga ana yi. Ku koya musu su fara shiga saitin su duba.

In manhaja tafi ƙarfin aljihunka akwai hanya mai tsafta. A layinku mutum ɗaya ya sayi lasisin Technician ya ƙware a kai, sauran ku dinga tura masa aikin yana baku kamasho. Shi aikinsa ya yawaita har lasisin ya biya kansa, ku kun samu naku ba tare da kun zuba miliyan ba. Wannan yafi a yi karo-karo a sayi mabuɗin mutum ɗaya a raba wa shago goma, domin ranar da aka toshe shi duk ku goman kun tashi a tutar babu.

Ranar da abu ya lalace, yadda ake neman taimako

Rabin masu cewa kamfani baya amsawa, in ka ga saƙon da suka tura zaka tarar layi ɗaya ne, baya aiki ku taimaka. Ba wanda zai iya komai da wannan. Ka rubuta lambar fitowar manhajar, wane Windows, samfurin kwamfutar ko faifan, me ka danna daga farko har matsalar ta fito, me kake tsammani ya faru, me ya faru. Haɗa sikirinshot na saƙon kuskuren da fayil ɗin log, wato inda manhajar take rubuta abinda ya faru, in akwai, ka rufe sunayen fayilolin kwastoma kafin ka tura. Matsala ɗaya saƙo ɗaya, kuma ka cigaba da amsawa a kan wannan zaren kar ka buɗe sabo kullum. In kwana uku na aiki suka wuce shiru ka tuna musu, in abun yaƙi gyaruwa kuma kana cikin wa'adin maida kuɗi ka nema a rubuce tun kafin ya wuce, ta wajensu ko ta wajen dillalin da ya karɓi kuɗin.

A ɓangaren kwastoma kuma, kuɗin manhajar ka raba shi a kan aikin da take yi kawai, kar mai canjin kibod ya biya kuɗin R-Studio. Aikin dawo da bayanai ka raba shi biyu, kuɗin dubawa kaɗan wanda ba a maidawa, sai kuɗin aiki bayan ka nuna masa jerin abinda aka samu ya buɗe wasu da hannunsa ya yarda. Ka rubuta a rasit abinda aka dawo dashi da ranar da zaka goge kwafin dake wajenka, sati biyu ya isa, kuma in ranar tazo ka goge ɗin.